Ilimin muhalli a fili da fita daji na jama'a a Jos

Ilimin muhalli a fili shi ne mutane su fita daga aji ko daga gida su je inda itatuwa da duwatsu da rafuka da tsuntsaye suke, su gani da idonsu, a nuna musu sunan abu da amfaninsa da abin da ke kashe shi. In aka ce na jama'a kuma ana nufin ba na 'yan jami'a ko ma'aikatan gandun daji kaɗai ba ne, ɗan firamare zai iya shiga, uwarsa ma haka, har da dattijon da ya yi ritaya. A Jos abin ya haɗa da yawon makarantu da ake ce wa eskoshon, da hawan dutse na ranar Asabar wanda matasa ke kira hayikin, da kallon tsuntsaye, da dashen itatuwa, da fikinik na iyali lokacin Sallah da Kirsimeti.

Me ya sa Jos

Garin yana zaune ne a kan tsauni mai tsayin sama da mita 1,200 daga teku, shi ya sa mutum zai iya tafiyar awa uku huɗu a ƙasa ba tare da rana ta gasa shi ba, abin da ba zai yiwu cikin sauƙi ba a Kano ko Sakkwato cikin watan Afirilu. Damina takan fara wajen Afirilu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, sanyi kuma Disamba da Janairu. Daga kan wannan tsaunin ne manyan koguna ke tasowa, Kogin Kaduna da Gongola duk nan tushensu yake, ita ma Dilimi da ta ratsa tsakiyar gari muke zuba mata shara ruwanta arewa maso gabas yake nufa, wajen Bauchi da Yobe can yankin Tafkin Chadi, kuma gaskiya wannan kaɗai darasi ne babba in an gaya wa yaro yana tsaye a bakin gadar, cewa ledar da ya jefa ba a Jos za ta tsaya ba.

Sannan akwai tarihin kuza. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a nan da manyan kamfanoni, suka bar kududdufai masu zurfi da tulin jar ƙasa ko'ina, musamman wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Itatuwan turare da ake gani jere a kan irin waɗannan wurare dasa su aka yi don a gyara ƙasar da aka lalata. To ka ga wanda ke son nuna wa yara yadda hannun mutum ke canza ƙasa bai buƙatar hoto a littafi.

Wuraren da aka fi zuwa

Gidan namun daji na Jos Wildlife Park an kafa shi a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8, kuma shi ne wurin da yawancin yaran Jos suka fara ganin zaki da giwa da jimina. Yawanci dai kallon keji kawai ake yi a ci shinkafa a koma gida, alhali akwai dajin da ke kewaye da kejojin wanda shi kansa abin kallo ne, da tudu da gandun itatuwan fain, kuma da za a riƙa samun mai bayani ga kowace tawagar yara da amfanin zuwan ya ninka. A tsakiyar gari akwai gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952 inda aka ajiye gumakan yumɓu na Nok, ga gidan zu a gefensa, ga kuma filin gine-ginen gargajiya mai kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya.

Duwatsun Shere da ke gabashin gari su ne mafi tsayi a yankin, ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829. A nan makarantar horar da shugabanci ta 'yan Man O' War take, wadda asalinta aka fara a 1951 a bakin teku can ƙasar Kamaru kafin daga baya a dawo da ita Filato, ana koyar da hawan dutse da igiya da kwana a daji da aiki tare. Sauran wuraren sun haɗa da ruwan Assop a gangaren Hawan Kibo kan hanyar Abuja, da Dutsen Riyom mai duwatsu ɗaya kan ɗaya, da ruwan Kurra inda kamfanin NESCO ke samar da lantarki, da madatsar Lamingo. Dutsen Wase da gandun Pandam suna da nisa, tafiyar yini ce ko kwana.

Amurum da maganar tsuntsaye

Inda ilimin ya fi zurfi shi ne dajin Amurum a ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 gabas da Jos. Daji ne ƙarami, kusan hekta 300, amma ya haɗa ƙasa iri uku, duwatsu, da fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da kurmi na bakin rafi, kuma an ƙirga nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, an kafa ta a farkon shekarun 2000 tare da Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya wato NCF da su mutanen Laminga masu ƙasar. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa yin digiri na biyu a fannin kare halittu, makarantu ma sukan kai yara ziyara.

Akwai labarin tsuntsaye biyu da kowane ɗan Jos ya kamata ya sani. Ɗaya wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai jan baya, dangin baiwar Allah ɗin nan da ke shigowa tsakar gida tsintar tsaki, amma shi a cikin duwatsu yake rayuwa. Masana ba su san shi a matsayin nau'i na daban ba sai a 1998 da wani masani ɗan Amurka Robert Payne ya bayyana shi, aka sa masa suna Lagonosticta sanguinodorsalis. Ɗayan kuma Vidua maryae, namijinsa baƙi ne mai sheƙi, macen ba ta yin sheƙa sam, sai ta lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar wancan jan tsuntsun shi ya ƙyanƙyashe ya ciyar, ɗan kuma in ya girma kukan wanda ya rene shi yake kwaikwaya. Da farko an ɗauka a Filato kaɗai jan tsuntsun yake, daga baya aka same shi a duwatsun Mandara na iyakar Kamaru. Ni a ganina yaron da aka ba shi wannan labarin sannan aka miƙa masa madubin hangen nesa ya ga tsuntsun da idonsa, da wuya ya sake ɗaga danƙo ya harbi duk abin da ya gani a kan reshe.

Haka maganar tsuntsaye masu ƙaura. Wasu ƙanana da ba su kai nauyin ƙwan kaza ba suna tasowa daga Turai su tsallake Bahar Rum da Sahara su zo su yi rani a gonakin acca da ke kewayen Jos, masu bincike sukan kama su da raga mai laushi su auna su, su sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa su sake su. Shamuwa kuwa ƙaurarta a cikin Afirka take, zuwanta shi ne alamar damina ta kusa, kuma manomi ya san wannan tun kafin a zo da zobe.

Tun 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya daga wannan cibiya, kuma wannan aikin na kowa ne. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, mutum ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura ta manhajar waya irin su BirdLasser. Ba a tambayar digiri, ɗan sakandare da tela da malamar asibiti duk suna iya yi in sun koyi gane tsuntsayen, kuma abin da suka tura shi masana ke amfani da shi su gane wane tsuntsu ke raguwa a ina. Ungulu misali, wadda da take cika mahauta, yanzu sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Kowa da abin da ya dace da shi

Ƙananan yara ba sa buƙatar tafiya mai nisa. Filin makaranta ya isa, a sa su tattaro ganye iri biyar su faɗi sunan bishiyar, a shuka wake a gwangwani, a zauna a kalli yadda tururuwa ke jan abinci ko yadda hawainiya ke canza launi. Wasu makarantu suna da kulob na kare muhalli, sukan yi dashen itace ranar muhalli ta duniya 5 ga Yuni, wanda ya faɗo daidai cikin damina, sai dai dashen ba shi ne aikin ba, ban-ruwa a rani da kare shukar daga awaki shi ne aikin, kuma nan ne yawanci ake sakaci.

Matasa su ne 'yan hayikin. A shekarun nan abin ya yi kasuwa sosai, ana haɗuwa ta gurup na WhatsApp ko Facebook, a yi karo-karon kuɗin mota, a tashi da sassafe ranar Asabar a hau dutse a sauko kafin azahar. Da yawa don motsa jiki da ɗaukar hoto suke zuwa, ba laifi ba ne, amma tafiyar da aka samu mutum ɗaya a ciki wanda ya san dutse da tsiro ta fi daɗi nesa ba kusa ba, shi zai nuna maka rema tana shan hantsi a kan fā, ya hana ka taɓa ƙyarana saboda farin ruwanta na ƙona ido, ya nuna maka bishiyar atili. Wani abu kuma da bai kamata a raina ba, Jos gari ne da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba unguwanninsa, akwai saurayin da ya girma bai taɓa zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, to a kan dutse dole wani ya miƙo maka hannu ya ja ka, ku sha ruwa gora ɗaya.

Dattawa kuwa su ne malaman da ba a cika gayyata ba. Tsohon maharbi ya san sawun gada da na zomo, Bafulatani makiyayi ya san ciyawar da ke kashe saniya da wadda ke sa nono, tsohuwa mai maganin gargajiya ta san saiwa da ɓawo, manomin Afizere ko Birom ko Anaguta ya san kowane rafi a ƙasarsu da lokacin da yake ƙafewa, tsohon leburan kuza kuma zai gaya maka wane kududdufi ne ya fi zurfi da yadda wurin yake kafin a tona. Wannan sani ba a rubuce yake ba, kuma kullum raguwa yake yi. Ba sai an sa dattijo hawan dutse ba, a zaunar da shi a gindin bishiya yara su kewaye shi, a ce Baba wannan ganyen na mene ne, za a sha mamakin abin da zai fito.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce waɗanda ke zuwa kusan kullum 'ya'yan masu hali ne da 'yan makarantun kuɗi. Yaron Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo ko Nasarawa yana hango Shere daga ƙofar gidansu amma zai iya gama sakandare bai taɓa taka wurin ba, almajirai kuwa ba a ma maganarsu, 'yan mata kuma iyaye ba sa barinsu sai in akwai malama ko tawagar mata zalla, kuma suna da gaskiyarsu, sai dai a shirya tafiyar yadda hankalinsu zai kwanta. Makarantun Islamiyya nan suna da rawar takawa, tunda duba halittar Allah da yin tunani a kanta abu ne da addini ya kwaɗaitar, kuma kuɗin keke napep biyu ko bas ɗaya bai fi ƙarfin kwamitin iyaye ba. Yawancin littattafan gane tsuntsaye da tsirrai ma da Turanci suke, bayani da Hausa ya yi ƙaranci ƙwarai.

Su kansu wuraren suna shan wahala, ana fasa duwatsu ana sayar da tsakuwa, ana saran itace don gawayi, gine-gine na cin daji, ana cinna wa ciyawa wuta da rani don farautar ɓera da gafiya, ga wani tsiro baƙo mai suna lantana da ke mamaye wuri ya hana na gida tsirowa. Masu fikinik su ma suna barin ledar fiya wata da robobi.

Shiri kafin fita

Ba a shiga dutsen mutane haka kawai, a fara gaida mai unguwa ko dagaci a nemi ɗan jagora daga ƙauyen a kuma biya shi, don wasu wuraren na al'ada ne ba a shiga, kuma su suka san halin tsaro na wannan makon. A tafi a ƙungiya, a sanar da gida inda aka nufa, a dawo da rana tsaka. Takalmi kambas mai riƙe dutse, ruwan sha isasshe, hula, rigar sanyi in Disamba ce. Kada a zura hannu cikin kogon dutse ko ƙarƙashin fā saboda kasa da gamsheƙa da kunama, in kuma maciji ya sari wani asibiti za a nufa kai tsaye, ba tsaga ba tsotsa. Kududdufan kuza ba wurin wanka ba ne ko mutum ya iya iyo, gefensu a tsaye yake ga laka a ƙasa, sun ci yara da yawa. A Yuli da Agusta duwatsu suna santsi ga tsawa ga rafi na cika farat ɗaya, shi ya sa masu fita da ƙananan yara suka fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauko ba, tsuntsayen Turai ma sun riga sun iso.