Ma'anar "shekarar mast" da mafarautan Amurka ke yawan faɗa

In kana kallon bidiyon masu farautar barewa a Amurka za ka ji suna ta cewa bana shekarar mast ce, wasu ma da ɓacin rai suke faɗa. Mast dai na nufin 'ya'yan itatuwan daji da dabbobi ke ci, musamman ekon, wato ɗan itacen ok (ba ok ɗin "to shi kenan" ba fa, sunan bishiya ne). Ekon ɗan ƙwallo ne da bai kai goro ba, da 'yar hula a kansa. Bishiyoyin nan ba kullum suke haihuwa daidai ba, sai a yi shekara 2 zuwa 5 ana samun kaɗan kaɗan, kwatsam shekara ɗaya duk dajin su zubo tare, babbar bishiya ɗaya ta iya zubar da har 10,000. Kurege da talotalon daji da barewa su ci su ƙoshi, su bar saura ya tsiro. To wannan ce shekarar mast.

Kai ka ɗauka mafarauci murna zai yi ko? Ina! Barewa mai farar wutsiya in ta samu abinci a ƙofar makwancinta me zai kai ta gonar masara ko waken suya, sai mutum ya hau kujerarsa ta saman bishiya a bakin gona tun asuba cikin sanyin Nuwamba ya wuni bai ga ko wutsiya ba, alhali dajin cike yake da su, suna can ciki suna ƙiba. Shekarar da ekon ya yi ƙaranci kuwa yunwa ke fito da su fili, a kashe da yawa. Shi ya sa a jihar West Virginia hukumar kula da namun daji take fitar da rahoton yawan mast duk shekara.

Amma inda gwanintar take shi ne sanin irin bishiyar. Akwai farin ok, akwai ja. Farin, bakin ganyensa a zagaye yake, ɗansa na nuna a shekara ɗaya kuma ba shi da bauri sosai, shi barewa ta fi so, da ya fara zuba wajen Satumba zuwa Oktoba sai ta bar komai ta tare a gindinsa. Sai dai ba ya daɗewa, yana taɓa ƙasa ya fara tsiro. Jan kuwa ganyensa tsini tsini, ɗansa sai ya yi shekara 2 a kan reshe, ga bauri, don yana da irin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa da majema ke jima da shi. Baurin ne ke hana shi lalacewa, sai ya kwanta a ƙasa har tsakiyar hunturu, lokacin ɗan farin ok ya ƙare, sai barewa ta dawo masa dole.

Don haka tsofaffin hannu tun watan Agusta suke shiga daji da madubin hangen nesa suna leƙen saman bishiyoyi, su ga wacce ta ɗauka. In lokaci ya yi kuma sai su duba gindi, hulunan ekon ba ƙwallo, ganye a birkice, ga sabon kashin barewa. Nan ake kafa kujera, a bi ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba.