Ina natsuwar take? Tambayoyi da amsoshi kan asham da tahajjud

Da azumi ya kai kwana goma, koken da ake ji a ƙofar masallatan Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos da Gangare, kusan ɗaya ne: jiki yana sahu, zuciya tana kasuwar Terminus. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Asham da tahajjud salla biyu ce ko ɗaya?

Tushensu ɗaya, duka tsayuwar dare ce. Wadda ake yi bayan isha'i ita ce tarawihi, wato asham. Sunan ya samo asali daga hutawar da magabata ke yi bayan kowace raka'a huɗu, saboda tsawon karatu. Tahajjud kuma ita ce wadda ake tashi a yi bayan an ɗan runtsa. Annabi (SAW) ya ja sahabbai 'yan darare a masallaci, sai ya daina fitowa don gudun kada a farlanta ta. Sayyidina Umar ne ya tara mutane bayan liman ɗaya, Ubayyu ɗan Ka'abu.

Raka'a nawa ce daidai? Masallacinmu goma ake yi, na maƙwabta takwas.

Babu wanda ya ɓata a cikinku. Nana A'isha ta ce Annabi ba ya wuce raka'a 11 a Ramadan ko waninsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaure, ta kawo cewa magabata sun yi 20 sannan shafa'i da wutiri, daga baya suka yi 36. Da aka tambayi Annabi sallar dare, cewa ya yi biyu-biyu ce. Abin da ya fi lissafi amfani shi ne hadisin Abu Zarri: wanda ya tsaya tare da liman har ya idar, ana rubuta masa tsayuwar dare guda. Mai zare jiki bayan raka'a huɗu don ya je shan shayi, wannan garaɓasar yake bari.

Da na kabbara sai hamma da tunane-tunane. Me ke jawo haka?

Sau da yawa ba daga sahu matsalar ta fara ba, daga faifan buɗa-baki ne. Tsakanin magariba da isha'i awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Mutum ya wuni ciki ba komai, sai ya zuba masa ƙosai goma, soyayyen dankali da ƙwai, kofi biyu na kunun gyaɗa, ya ɗora tuwo. Abu mai maiƙo yana daɗewa bai narke ba, jiki ya yi nauyi, in an yi ruku'u ƙwannafi ya taso. Ina natsuwa a nan?

Raba abincin gida biyu. Da an kira salla: dabino uku, ruwa kofi ɗaya ko biyu, ɗan kunun tsamiya, a yi magariba. Bayanta a ci abu mara nauyi, rabin abin da ido ke so. Tuwo da miya su jira a dawo daga asham. Ruwa ma kada a kwankwaɗi lita guda lokaci ɗaya, don a raka'a ta shida mara za ta cika, kuma hadisin Muslim ya hana salla ana matse da fitsari ko bayan gida. Kurɓa kaɗan-kaɗan har zuwa sahur. Ɗanyar albasa da tafarnuwa kuwa a bar su, don natsuwar na kusa da kai ma haƙƙi ce.

Sai sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma azumi yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, wato hunturu yake dosa. Wanda ya fito ƙarfe ɗaya na dare da jallabiya shara-shara, ya tsaya kan tayil a harabar masallaci, makyarkyata zai yi ba salla ba. Rigar sanyi, safa, darduma mai kauri, da ruwan ɗumi a fulas don alwala sun wadatar.

Na ƙarshe, waya. Kashe ta tun a gida, ka isa masallaci minti goma kafin a ta da iƙama. Wanda ya shigo a guje liman yana ruku'u, raka'a biyu za ta wuce kafin numfashinsa ya daidaita.

Ba na jin Larabci. Yaya zan bi karatun liman?

Alƙur'ani izu 60 ne. Limamin da ke son sauka a asham yana karanta izu biyu kowane dare, kusan shafi 20 a bugun Madina mai shafi 604. In raka'a goma ce, shafi biyu ke nan a kowace raka'a. Mai son sauka a tahajjud na kwana goma kuwa izu shida zai ja a dare. Saboda haka kana iya sanin abin da za a karanta tun da rana. Bayan la'asar ɗauki minti ashirin ka karanta fassarar wurin, misali tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ba sai ka riƙe komai ba. Riƙe abu uku: ƙissar wani Annabi, wani hukunci, wata addu'a. Da liman ya kai kan sunan Yusufu ko Maryam, kunnenka zai kama, zuciya ta dawo.

Sujada kuma taka ce. A nafila malamai da dama sun ba da damar wanda bai iya Larabci ba ya roƙi Allah da harshensa. Bashin da ke wuyanka, rashin lafiyar mahaifiya, faɗa wa Allah su da sunansu.

Limaminmu yana gama raka'a goma cikin kwata awa. In sauya masallaci?

Gwada da wannan: in ba ka iya cewa Subhana Rabbiyal A'ala sau uku a natse kafin ya ɗago, saurin ya yi yawa. Daidaituwar gaɓɓai a ruku'u da sujada rukuni ce; Annabi ya mayar da wani mutum har sau uku yana cewa ya koma ya yi salla, don bai yi ba. A yi wa liman magana a keɓe, cikin girmamawa. In bai gyaru ba, masallaci ba ɗaya ba ne a unguwa. Amma yawon bin mai daɗin murya, yau Bauchi Road gobe Dilimi, shi ma yana raba hankali.

Ga masu kula da masallaci kuma: lasifikar waje a tahajjud a rage ta. In masallatai uku suna amsa-kuwwa a layi ɗaya, mamu bai san kabbarar wa yake bi ba, balle marar lafiya, jariri da maƙwabcin da ba Musulmi ba.

Na yi wutiri a asham, kuma ina son tahajjud.

Yi tahajjud ɗinka biyu-biyu, kada ka maimaita wutiri, domin babu wutiri biyu a dare ɗaya. In limamin tahajjud ya yi nasa, bi shi, da ya sallame ka miƙe ka ƙara raka'a ɗaya ta zama biyu. Masallatai da yawa a goman ƙarshe suna jinkirta wutirin zuwa tahajjud don sauƙaƙa wannan.

Yaushe sulusin dare na ƙarshe yake shiga?

Ƙirga daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir, ka raba uku. In magariba 6:40 ce, alfijir 5:10, dare awa goma da rabi ne, kowane kaso awa uku da rabi. Na ƙarshe zai fara 1:40. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ba zai iya awa biyu a masallaci ba, ya kwanta ƙarfe goma, ya tashi huɗu saura kwata, ya yi raka'a huɗu a ɗaki, ya yi sahur. Ya shiga lokacin.

Gyangyaɗi fa, da ciwon ƙafa?

Annabi ya ce mai gyangyaɗi a salla ya kwanta har barcin ya tafi, kada ya je neman gafara ya zagi kansa. Barcin rabin awa bayan azahar yana taimakawa ƙwarai. Nafila a zaune ta halatta: mai lafiya rabin lada, mai uzuri lada cikakke. Kuma wanda zai raya dare ya makara asuba, ya sayar da farilla ya sayi nafila.

Mace mai haila a goman ƙarshe ta yi asarar Lailatul Ƙadri ke nan?

A'a, 'yar'uwa. Cikin ibadun daren, salla ce ta faɗi a kanki. Zikiri, istigfari, sadaka da sauraron karatu duk suna nan, kuma a mazhabar Malikiyya kina iya karanta abin da kika haddace ba tare da taɓa Mus'hafi ba. Daren ya fi wata dubu, wato shekara 83 da wata huɗu, ana nemansa a mara na goman ƙarshe: 21, 23, 25, 27 da 29. Addu'ar da Annabi ya koya wa Nana A'isha ta daren ba ta buƙatar alwala: Allahumma innaka afuwwun tuhibbul afwa fa'afu anni. Kina iya maimaita ta kina dama kunun sahur.