Lissafin goma-goma a tsofaffin na'urorin wasa: tambayoyi da amsoshi

Mene ne lissafin goma-goma a nan?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 6502, wadda kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975, da sifili da ɗaya take ƙirga. In ka ce ta haɗa 9 da 1, sai ta ajiye 00001010, abin da masu rubuta manhaja ke rubutawa 0A. Amma tana da wata hanya da ake kira BCD, wato lissafin goma-goma: a raba bayit (jerin sifili da ɗaya guda takwas, kamar na sama) gida biyu, kowane rabi ya riƙe lamba ɗaya tak, daga 0 zuwa 9. A nan 9 da 1 sai su ba da 10, ɗaya a hagu, sifili a dama.

Yaya ake kunna shi?

Da umarnin SED, a kashe shi da CLD. Umarni biyu kaɗai yake shafa: ADC na tarawa da SBC na ɗebewa. Duk lokacin da rabin bayit ya haura 9, ƙwaƙwalwar ta ƙara masa 6 don ya tsallake ƙimomi shida, daga 10 zuwa 15, da ba su da amfani a BCD, ta kai ɗaya gaba. Ɗauki 28 da 14: 8 da 4 sun ba da 12, a gyara ya koma 2, ɗaya ya haura, a tashi da 42. In kuwa 99 ne aka ƙara wa 1, sai a sami 00, ɗayan ya jira bayit na gaba, kamar yadda ɗan firamare ke rubuta sifili ya riƙe ɗaya.

Me ya sa masu ƙera wasa suka damu da shi?

Saboda maki. 6502 ba ta da umarnin rabawa, don haka mayar da babbar lamba zuwa wadda ido zai karanta aiki ne mai cin lokaci. Na'urar wasa Atari 2600 ta 1977, mai ƙwaƙwalwar 6507, wato ƙaramin samfurin 6502, ma'ajiyarta bayit 128 ce kacal. Da BCD, maki mai lamba shida yana shiga bayit uku, kowace lamba a shirye take a zana ta. A ganina wannan dabara ta cancanci yabo.

To NES fa?

A na'urar wasa Famicom ta 1983, wadda ta shiga Amurka da sunan NES a 1985, Ricoh 2A03 ce a ciki. Jinin 6502 ce, sai dai an katse mata wannan sashe. Kana iya ba da SED, alamar da ke nuna ana cikin yanayin BCD ta kunnu, amma 9 da 1 su ci gaba da ba da 0A. Shi ya sa wasanni da yawa suka ware wa kowace lamba bayit nata, suna kai ɗayan gaba da kansu. Super Famicom ta 1990 kuwa tana da shi, har lambobi huɗu take haɗawa a tashi ɗaya.

Ina ake yawan tuntuɓe?

A 6502 ta asali, kunna na'ura ba ya kashe alamar BCD, shi ya sa manhajoji ke farawa da CLD. Alamar da ke nuna cewa sakamako sifili ne ma ba abin dogaro ba ce a wannan yanayi: 99 da 1 sun ba da 00, amma ba za ta kunnu ba. Ƙanwar 6502 mai suna 65C02 ce ta gyara wannan, sai dai kowane lissafin BCD ya ƙara cin bugun agogo ɗaya, wato ɗan ƙarin lokaci.