Me ya sa ake ɗaga wa mai jifan mashi jar tuta?

Gardamar da ta fi tashi tsakanin samarin fada a nan Damagaram in ana kallon gasar jifan mashi ta duniya ita ce ta jar tuta. Mutum ya wurga mashi ya yi nisa, alƙali ya ɗaga jar tuta ya ce bai ci ba, sai ka ji ana cewa an cuce shi. Galibi ba cuta ba ce, doka ce ta World Athletics, hukumar da ke kula da wasannin guje-guje da tsalle-tsalle da jifa.

Mashin maza bai gaza giram 800 ba, tsawonsa kuwa tsakanin mita 2.60 zuwa 2.70. A tsakiyarsa akwai naɗin igiya, nan kaɗai ake riƙewa, da hannu ɗaya, ba safar hannu. Jifan ta saman kafaɗa yake fita. An hana wujijjiga shi daga gefe, an kuma hana mai jifa ya juya har ya ba fili baya kafin mashin ya bar hannunsa. Wannan hani yana da tushe: wajen 1956 wasu ƴan Sifen sun ɓullo da salon yin juyi kafin su saki mashi. Yana nisa ƙwarai, sai dai ba wanda ya san inda zai nufa, ga jama'a cike da fili.

Hanyar gudu faɗinta mita 4 ne, a ƙarshenta akwai farin layi mai lanƙwasa. Wanda ya taɓa layin, ko ya ƙetare shi, ko da yatsan hannu ne bayan ya faɗi, jifansa ya tashi a banza. Bai kuma fita daga hanyar sai mashin ya sauka. Shi ya sa in ɗan wasa ya ga jifan bai yi masa daɗi ba, yakan taka layin da gangan don kada a auna.

Inda aka fi ruɗewa shi ne sauka. Ba dole mashin ya kafe a ƙasa ba. Abin da doka ta nema shi ne kan ƙarfen ya riga kowane sashe taɓa ƙasa, a tsakanin layuka biyu da aka ja a fili, waɗanda suka buɗe kamar bakin almakashi, kusan digiri 29. Daga inda kan ya fara taɓawa ake aunawa zuwa layin jifa. In gindi ya fara sauka, ko da ya zarce na kowa, babu.

Wannan batu ne ma ya sa aka sake ƙirar mashin. A da yakan sauka kwance, alƙalai su yi ta saɓani. Sai ga Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80 a 1984, nisan da ya nuna filayen wasa sun kusa yi wa mashi kaɗan. A 1986 aka matsar da tsakiyar nauyinsa gaba da santimita 4, don kan ya riƙa sunkuyawa da wuri, aka soma ƙidayar bajinta daga farko. A ganina hukunci ne mai kyau, domin ran ɗan kallo ya fi mita goma ɗin da aka rage. Da sabon mashin ne Jan Železný na ƙasar Cek ya jefa mita 98.48 a 1996.

Ina roƙon malaman wasanni na makarantunmu, daga Birni har Zango, su fara koya wa yara riƙo da tsayawa bayan layi tun da sandar gora, kuma kada kowa ya shiga fili ɗauko sanda sai an gama jifa. Ƙarfin damtse muna da shi. Julius Yego na Kenya a bidiyon YouTube ya goge salonsa, ya kuma ci gasar duniya a Bejin a 2015 da mita 92.72.

A zagayen ƙarshe na gasar duniya mutum 12 ke shiga bisa al'ada, kowa ya yi jifa uku, kafin 2025 kuma takwas na sama ne ke ci gaba har a cika shida. Jifa mafi nisa guda ɗaya ake duba wa kowa. In biyu suka yi kunnen doki, sai a koma ga jifan da ke bi masa a nisa.