Lantarkin iska ma yana kashe tsuntsaye

Mutane da dama sun ɗauka tun da lantarkin iska ba ya hayaƙi, to ba ya cutar da dabbobi, binciken muhalli kafin a kafa shi ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. A Altamont Pass da ke Kalifoniya ta Amurka, an kakkafa dubban manyan fankoki masu samar da lantarki daga iska a farkon shekarun 1980 a tsaunukan da kurege ya yi yawa. Gaggafa da shaho suna sauko farauta, idonsu na ƙasa, fanka ta sare su. Abin takaici ne, domin zaɓen wuri ne ya jawo ɓarnar. Shi ya sa dole dokokin bincike su tilasta a lura da hanyoyin tsuntsaye da jemagu tsawon shekara guda kafin a haƙa ramin kafa fanka.