Yanke Ƙauna da Sa Rai Game da Sauyin Yanayi

Yanke ƙauna game da sauyin yanayi shi ne ra'ayin cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe: duniya za ta ci gaba da ɗumama, kuma babu abin da mutum ko gwamnati za su yi da zai tare ta. Mai wannan ra'ayi bai musanta matsalar ba. Ya yarda da ita ne har jikinsa ya mutu. Kishiyar wannan ita ce sa rai, wato ganin cewa ƙoƙari zai iya rage ɓarnar.

A 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta wallafa binciken da aka yi kan matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10. Kashi 75 cikin 100 sun ce abin da ke gaba yana ba su tsoro, kashi 56 sun ce ɗan Adam ya kama hanyar halaka. Adadi mafi taɓa zuciya shi ne kashi 39 da suka ce suna ɗari-ɗari da haihuwa, saboda sauyin yanayi.

Sai dai fargaba daban, sallamawa daban. Wani bincike da ya fito a 2024 ya tambayi kusan mutum 130,000 a ƙasashe 125. Kashi 69 sun ce a shirye suke su riƙa ba da kashi 1 na kuɗin shigarsu don yaƙi da ɗumamar yanayi, kashi 89 kuma suna son gwamnatocinsu su ƙara himma. Amma da aka tambaye su mutum nawa ne a ƙasarsu za su yarda su bayar, sai suka yi hasashen adadi ƙasa da na gaskiya sosai. Nan ne tushen mutuwar jikin mutane da yawa: kowa na zaton shi kaɗai abin ya dama, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Adadin digiri 1.5 da ke cikin Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, wato iyakar ƙarin zafin da ƙasashe ke ƙoƙarin kada duniya ta haura idan aka kwatanta da zamanin kafin masana'antu, shi ma yana rikita mutane. Da ƙarin zafin shekarar 2024 ya haura shi, wasu sun ɗauka aikin gama ya gama. Yarjejeniyar tana magana ne kan matsakaicin zafi na shekaru masu yawa, kuma masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nanata cewa kowane ɗan ƙarin zafi yana ƙara haɗari, kowane ragi kuma yana rage shi.

Sa rai ma yana da nasa aibin idan ya koma jiran wata fasaha ta zo ta gyara komai, domin mai irin wannan fata ya naɗe hannu ne kamar wanda ya fid da rai. Masu fata mai hujja kan kawo misali da Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, wadda ta taƙaita sinadaran da ke lalata lemar ozon mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa har lemar ta fara farfaɗowa, da kuma tsadar samar da lantarki daga hasken rana da ta faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2023.