Janar Sherman da tattakin da ya yi wa jihar Jojiya kaca-kaca

Wai waye Sherman ɗin nan, me ya yi?

William Tecumseh Sherman janar ne na sojojin Arewa a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda jihohin Kudu suka ɓalle don kada a taɓa musu harkar bauta. A farkon Satumba 1864 ya kama birnin Atlanta na jihar Jojiya, nasarar da ta taimaki shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sake cin zaɓe lokacin da jama'a duk sun gaji da yaƙin. Ranar 15 ga Nuwamba ya fice daga garin da soja kusan 60,000 bayan an banka wa tashar jirgin ƙasa da masana'antu wuta, ya nufi bakin teku, 21 ga Disamba sojojinsa suka shiga garin Savannah. Tafiyar kusan kilomita 460 ce.

An gwabza sosai a hanya?

Ina! Babbar rundunar Kudu ta wannan yankin ƙarƙashin Janar Hood ta riga ta yi Tennessee, don haka ba wanda zai tare shi sosai. Shi ma ba faɗan ya fito nema ba, so yake mutanen Kudu su gani da idonsu gwamnatinsu ba ta iya kare su. Ya yanke wayar tangaraho, ya bar hanyar da ake kawo masa abinci, duk gonar da suka bi ta zama rumbunsu, masara da dankali da kaji da aladu da dawakai da alfadarai duk a kwashe, abin da ba a iya ɗauka ba a lalata, injinan gurzar auduga a ƙone. Layin dogo kuwa sai su ciro ƙarfen su ɗora kan wutar katakon layin har ya yi jawur sannan su naɗe shi a jikin bishiya yadda ba mai sake gyara shi. Da kansa ya ƙiyasta ɓarnar a dala miliyan 100, ya ce kashi ɗaya cikin biyar kawai suka amfana da shi, sauran ɓarna ce zalla. Ya kuma aika wa Lincoln saƙo wai ga Savannah nan kyautar Kirsimeti, da manyan bindigogi 150 da auduga ɗauri kusan 25,000.

To kisan kiyashi ya yi ke nan?

Gaskiya a'a, dukiya da abinci ya sa a gaba, kashe farar hula bai yi yawa ba. Amma fa kar a wanke shi tas, umarninsa ya hana shiga gidajen mutane, yaransa sun shiga sun yi wasoso bai damu ya hukunta su sosai ba, kuma wanda aka kwashe wa abinci ana shiga sanyi ai ba a bar masa komai ba. A jihar Karolina ta Kudu, inda ya nufa bayan Savannah, abin ya fi muni, garin Columbia ya ƙone ranar 17 ga Fabrairu 1865, har yau ana musun wa ya kunna wutar.

Su bayi fa, ya suka ƙare?

Nan ne ni abin ya fi tsaya min a rai. Dubbai sun gudo daga gonaki sun bi rundunar, su a ganinsu 'yanci ne ya zo. Ranar 9 ga Disamba a rafin Ebenezer wani janar ɗinsa mai suna Jefferson C. Davis (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na shugaban 'yan tawayen) ya sa aka janye gada bayan sojojinsa sun haye, aka bar ɗaruruwan mutane a ɗaya gaɓar ga dakarun Kudu kan dawakai na tafe, wasu suka faɗa ruwa suka nutse, wasu aka kama su. Sherman bai hukunta shi ba, kare shi ma ya yi.

A Janairu 1865 dai, bayan zama da limaman coci baƙar fata 20 a Savannah, ya ba da umarnin raba wa iyalan 'yantattun bayi filaye a gaɓar teku, kowane gida har eka 40. Lincoln na mutuwa mataimakinsa Andrew Johnson ya hau mulki, ya soke abin, yawancin filayen suka koma hannun iyayen gidansu na da.